Kuɗin mai kula da kyanwoyina ya kusa kai kuɗin tafiyata, maigida ya ce almubazzaranci ne

Assalamu alaikum Anti. Ina da kyanwa biyu, mace mai shekara 12 da muzuru ɗan shekara 3. Wata huɗu ke nan da likitan dabbobi ya gano macen tana da ciwon suga, tun daga lokacin nake yi mata allurar insulin safe da yamma. Yanzu tafiyar kwana 12 ta kama mu ni da maigidana, kuma ba ta ɗaguwa. Na samu wata mata da sana'arta ke nan, tana zuwa gida ta kula da dabbobin mutane idan sun yi tafiya. Ta zo ta duba su, ta faɗi kuɗinta, sai da gabana ya faɗi, don ya kusa kai kuɗin tikitina. Maigida ya ce wannan almubazzaranci ne, zuba abinci da ruwa kawai ai ƙaninsa ma zai yi kyauta. Ƙanin nasa yaron kirki ne, amma bai taɓa riƙe sirinji ba, kuma ba ya son kyanwa ta raɓe shi. Ni ma kuɗin ya yi mini nauyi. Anti, me ake biya haka? Cutata za a yi, ko haka abin yake? Ba na son wannan magana ta zama rigima a gidana.

Wa alaikumus salam 'yata. Ki ɗauki matar. Amma kafin ki ba ta ko sisi, ki zaunar da ita ta warware miki kuɗin nan dalla-dalla, domin akwai inda za a rage, akwai kuma inda idan kika rage za ki biya ninkinsa a asibitin dabbobi.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Da a ce kyanwoyin nan biyu lafiyarsu ƙalau, kuma tafiyar kwana biyu ce ko uku, da na ce ki miƙa wa ƙaninsa makulli ki kama hanya. Kyanwa mai lafiya, leƙawa ɗaya a rana ta ishe ta. Allurar nan ce ta canza lissafin gaba ɗaya, kuma ina jin shi bai taɓa zama ya ƙirga ba, saboda ke kike yi kullum, shi kuma bai ga wahalarsa ba.

To bari mu ƙirga. Kwana 12, zuwa biyu a rana, zuwa 24 ke nan. Kuɗin da ya firgita ki, ki raba shi gida 24 ki ga abin da ya rage a kowane zuwa. Daga nan ki cire kuɗin motarta zuwa da dawowa. Masu wannan sana'a galibi suna lissafi ne da zuwa, kowane zuwa kamar rabin awa a cikin gidan, amma rabin awar da kike biya takan cinye mata awa guda ko fiye idan aka haɗa da hanya. Sannan ki lura da irin lokacin da kike nema. Insulin ana yin sa ne kusan kowace awa 12, wato idan kina yi ƙarfe bakwai na safe, sai bakwai na yamma. Waɗannan su ne lokutan da kowane mai dabba ke so, kuma ita ba ta da damar ta ce yau ta makara, sai da rana. Kwana 12 a jere ba ta da fashi, ba Asabar ba Lahadi, ba za ta iya kwana a wani gari ba, ko zazzaɓi ya kama ta sai ta nemo wanda zai tsaya mata. Wannan ɗaurewar ita ce rabin abin da kike saye.

A kan kuɗin zuwa ake ɗora ƙari. Dabba ta biyu tana da nata, yawanci ƙarami, don ba a ninka kuɗi saboda kyanwa ta biyu a gida ɗaya. Allura tana da nata, kuma ya fi na ƙwayar magani da ake ɓoyewa a abinci. Idan tafiyar ta faɗo lokacin hutu ko bukukuwa, akwai ƙarin wannan, haka idan gidanki yana da nisa da inda take aiki, ko kin neme ta a ƙurarren lokaci. Idan kuma ta wata manhaja kika same ta, to ba duka kuɗin ke shiga hannunta ba. Rover, wadda aka kafa a Amurka a 2011 kuma tana cikin manyan manhajojin wannan harka, tana yankar kusan kashi 20 cikin 100 daga abin da mai kula ya samu, sannan ta ɗora wa mai dabba nasa kuɗin hidima daban. Ki tambaye ta wanne ne wanne. Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushin tambayar ba, ta saba amsa ta.

Yanzu ga abin da ya kamata ya faru a cikin rabin awar nan, don ki san abin da za ki faɗa wa maigida. Tana buɗe ƙofa, abu na farko shi ne ta ga kyanwoyin biyu da idonta. Kwanon abinci da aka lashe ba shaida ba ce, domin a gida mai kyanwa biyu, ɗaya na iya cinye na biyun alhali ɗayar tana ƙarƙashin gado kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Sai ta zuba wa tsohuwar abincinta a keɓe, ta tsaya a kanta har ta ga ta ci. Sai ta ɗauko insulin daga firji, ta ja daidai adadin da likita ya rubuta, ta duba ko iska ta shiga sirinjin, ta tattaro fatar bayan kafaɗa ko gefen ciki, ta soka, ta shafa wurin ta ji ko gashin ya jiƙe, don wani lokaci allurar kan huda fatar ta fita ta ɗaya gefen. Ta rubuta lokaci da adadi a takarda. Ta wanke kwanoni, ta sake ruwa, tana lura da yawan da aka sha. Ta kwashe kaskon yashin da suke fitsari da bahaya, tana duba abin da ke ciki. Ta ɗan zauna da su, ta turo miki hoto da saƙon layi biyu, ta tabbatar tagogi a rufe suke, ta kulle. Wasu kan haɗa da ban ruwan shuke-shuke, kwashe wasiƙu, da kunna fitila ko buɗe labule don kada gidan ya yi kama da wanda ba kowa.

Zuba abincin, wanda maigida yake gani shi ne aikin, minti biyu ne a ciki.

Bari in ɗan daɗe a kan allurar, don nan ne rai yake. Haɗarin insulin ya fi yawa ta wajen yin yawa. Idan an tsallake allura ɗaya, sugan zai hau, kyanwar za ta sha ruwa da yawa ta yi fitsari da yawa, amma galibi za a gyara a allura ta gaba. Idan kuwa aka yi mata sau biyu, ko aka yi mata cikakken adadi alhali ba ta ci abinci ba, sugan na iya faɗuwa cikin 'yan awanni: ta yi laushi, ta riƙa tangaɗi, jiki na rawa, har ta kai ga farfaɗiya ko suma, ga shi ba kowa a gidan. Saboda haka doka ta farko da kowace ƙwararriya ta sani ita ce, idan ana shakka ko allurar ta shiga, ba a maimaitawa. Ta biyu, idan kyanwa ta ƙi ci, a kira likita kafin a soka. Idan alamun faɗuwar suga suka bayyana, a shafa mata zuma ko ruwan gulukos a dasashi, a garzaya asibiti. Akwai kuma wani tarko da ko masu dabbar kan faɗa ciki. Insulin ba ƙarfinsa ɗaya ba: irin su Caninsulin da ProZinc U-40 ne, wato awo 40 a kowace mililita, Lantus kuwa U-100, wato awo 100, kuma kowanne da sirinjinsa. Idan aka ja mai ƙarfin U-100 da sirinjin U-40, an ba kyanwa ninki biyu da rabi na abin da ya kamata. Ki yi tunanin sirinjinki ya ƙare a rana ta tara, yaron kirki ya je ya sayo wani da kyakkyawar niyya. A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka yi kwanaki ana tsallakewa saboda kyanwar ta ɓuya ko ta yi masa gurnani ya ja da baya, jininta na iya gurɓata da abin da likitoci ke kira ketoasidosis, wanda sai an kwantar da ita an ɗaura mata ruwa. Kuɗin kwana biyu na irin wannan kwanciya kan iya haɗiye duk abin da kike ƙoƙarin tsiminsa.

Kada kuma hankalinki ya tafi kan tsohuwar ki manta da muzurun. Hanyar fitsarin muzuru ƙunci gare ta, kuma takan toshe, musamman idan hankalinsa ya tashi, kamar yadda yake tashi idan masu gida suka ɓace baƙo ya fara shigowa. Alamarta ita ce ya riƙa komawa kasko yana nishi ko kuka, ba abin da ke fita sai ɗigo. Wanda bai sani ba zai ce bahaya ne ya ƙi fita, ya bari sai gobe. Muzurun da ya toshe gaba ɗaya na iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ke kwashe yashi kullum yana duba ƙullutun fitsari shi ne zai gane da wuri. Haka ma kyanwar da ta daina ci na wasu kwanaki, musamman mai ƙiba, kitse kan taru mata a hanta. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke kamawa, kuma idon da ya saba ne kawai.

To ina za a rage? Da farko ki gyara ƙirgar. Ranar tafiya ke za ki yi allurar safe kafin ki fita, ranar dawowa kuma idan za ki iso da wuri, ta yamma taki ce. Zuwa 24 ya koma 22. Na biyu, ki tambaye ta ko tana da gajeren zuwa. Zuwan safe ya zama cikakke, da shara da wanke-wanke da wasa, na yamma ya zama na ciyarwa da allura kawai. Na uku, tafiyar da ta wuce mako guda tana da bakin neman ragi, don aiki ne tabbatacce a hannunta, ki nema ba tare da kunya ba. Na huɗu, ki sauke mata duk abin da ba na kyanwa ba. Shuke-shuke, wasiƙu, fitar da shara, wannan ƙanin maigida zai yi. Ki kuma tanadi komai ya wadata har da rarar kwana uku ko huɗu, abinci da yashi da sirinji da insulin, don kada ta je sayayya ta caje ki lokacinta, kuma don jirgi ko mota na iya yi miki latti.

Abin da ba zan yarda ki taɓa ba shi ne zuwa biyu a rana. Kuma kada ki raba allurar, ita ta yi safe ƙanin miji ya yi yamma. Hannu biyu a kan insulin ɗaya, ta nan ake samun "na ɗauka ba ka yi ba".

Ki kuma kwatanta da sauran hanyoyi kafin ki yanke, don wani lokaci lissafin kan ba da mamaki. Akwai masu kwana a gidan. Ki sani cewa "kwana" a bakinsu yawanci daga yamma ne zuwa safe, ba awa 24 ba, amma tunda allurarki yamma da safe ce, kwana ɗaya ya rufe duka biyun, kuma akwai mutum a gidan a awannin da sugan kan faɗi bayan allurar yamma. Ki tambayi kuɗinsa ki aza kusa da na zuwa biyu. Sai dai fa baƙo zai kwana a gidanku, wannan kuma magana ce da maigida ke da cikakken haƙƙi a kanta. Akwai gidajen ajiyar kyanwoyi, inda ake biya da kwana da kuma kai, wato kyanwa biyu kuɗi biyu ko kusa da haka. Za su nemi katin rigakafi, kuma ba ranar tafiya ake yin rigakafin ba, sai an yi shi da makonni. A Ingila, a ƙarƙashin dokar 2018, mai ajiye kyanwoyin mutane a wurinsa don kuɗi sai da lasisin ƙaramar hukuma, har da tauraro ɗaya zuwa biyar da ake ba shi don nuna ingancin wurin. Matsalar ajiya ita ce kyanwa dabbar wuri ce, sauya mata muhalli kan sa ta ƙi ci, mai ciwon suga kuwa ƙin ci shi ne abin gudu. Wasu asibitocin dabbobi ma suna ajiya, wasu ma'aikatan jinyarsu kuma suna zuwa gida yin allura bayan sun tashi aiki. Ki tambayi asibitin da ke duba ta, tambaya ce ta minti ɗaya. Akwai kuma tsarin musaya irin na TrustedHousesitters, da aka fara a Ingila a 2010, inda kike biyan kuɗin rajista na shekara, wani matafiyi ya zauna a gidanki kyauta ya kula da dabbobinki. Ga masu yawan tafiya da dabba mai lafiya yana da sauƙi ƙwarai. Ga tsohuwarki, da tafiya a bakin ƙofa, ban ba ki shawararsa ba.

Kin tambaya ko cutarki za a yi. Tsadar kuɗi ba ta nuna cuta, ba ta kuma nuna ƙwarewa. A yawancin wurare ba a neman lasisi ga wanda ke zuwa gidanki ya kula da dabba, kowa na iya buga kati ya ce sana'arsa ce. Akwai ƙungiyoyi irin su Pet Sitters International, da aka kafa a Amurka a 1994, masu ba da horo da takardar shaida, kuma idan tana da irin wannan, madalla. Amma ni na fi yarda da abin da zan gani. Ki kira ta ta zo lokacin allura, kwana biyu ko uku kafin tafiya, ki koma gefe ki naɗe hannu, ita ta yi komai tun daga buɗe firji. Ki biya ta kuɗin wannan zuwan, ya cancanta. Ki tambaye ta, idan kyanwar ta ƙi ci me za ta yi. Idan ta ce za ta yi allurar haka nan don kada lokaci ya wuce, ki yi mata godiya ki nemi wata. Ki tambaye ta wa zai zo idan ita ta kwanta ciwo, kuma shi ma ya iya allura? Ita da kanta za ta riƙa zuwa ko akwai yaran da take turawa? Tana da inshora, kuma me ta ƙunsa, ɓatan makulli da ɓarnar kaya kawai ko har da abin da ya samu dabbar? Ki karɓi lambar mutum biyu da ta yi wa aiki, ki kira su da gaske, ki fi neman wanda dabbarsa ke shan magani. Ki ji kuma ƙa'idarta idan an fasa tafiya ko an dawo da wuri, don da yawa suna karɓar kafin alƙalami kuma ba ya dawowa idan an soke a ƙurarren lokaci. Duk abin da kuka yi ittifaƙi a kai ya shiga rubutu, ko da saƙon waya ne.

Sai maganar gida. Kada ki je wa maigida da "ba ka damu da su ba", don daga nan an bar maganar kuɗi an koma maganar hali, kuma ba wanda zai ci riba. Ki je masa da takarda: ga zuwa 22, ga abin da kowanne ya kama, ga abin da na sa aka rage, ga abin da likita ya ce kwanciyar kwana biyu za ta ci. Gobe da safe kuma ki miƙa masa sirinjin ki ce ya gwada. Ba don gatse ba, don ya ji a hannunsa abin da yake shirin ɗora wa ƙaninsa. Ki kuma nuna masa abin da wataƙila bai hango ba, cewa kyautar nan tana da nata farashin. Matar da kika biya, idan ta makara za ki iya kiranta ki yi magana. Ƙanin miji da ke yi miki alfarma, da wane baki za ki tambaye shi don me bai je ba sai ƙarfe goma? Idan kuma, Allah ya kiyaye, tsohuwar ta mutu a hannunsa, ke ba za ki manta ba, shi ba zai daina jin nauyinki ba, maigida kuma yana tsakiya. Kare yaron nan daga wannan matsayi gata ne kike yi masa. Idan kuma kina da abin hannunki, ki ce za ki ɗauki kaso mafi girma, tunda ke kika ɗauko kiwon. Hakan kan kashe rabin gardama.

Ƙanin nasa kuma kada a watsar da tayinsa, yana da aiki babba. Shi zai riƙe makulli na biyu, lambarsa ce ta biyu a takarda, shi za a kira idan ana buƙatar mota zuwa asibiti da dare ko makulli ya karye a ƙofa. Ki haɗa shi da matar su gaisa kafin ku tafi.

Takardar da za ki manna a jikin firji ta ƙunshi sunan insulin da adadinsa da irin sirinjinsa, lokutan allura, awon abincin kowacce, inda tsohuwar ke ɓuya idan ta ji baƙo, inda kejin ɗaukarsu yake, lambar likitanku da ta asibitin da ke buɗe da dare. Ki ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe cewa kada a ba su maganin mutane ko wane iri, domin farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Sannan ki kira asibitin tun yanzu ki shaida musu ranakun tafiyarki da sunan wadda za ta kawo su idan ta kama, ki bar musu izini a rubuce na iyakar kuɗin da za a iya kashewa ba tare da an jira an same ki a waya ba, da yadda za a biya. Ki roƙi likitan ya duba sugan tsohuwar a makon nan, ya rubuta da hannunsa abin da za a yi idan ta ci rabi, da abin da za a yi idan ta ƙi ci sam.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.